Tsakiyar Wasan Da Aka Hana Mu Kallo

Abin da ya fama mini tsohon gyambo bai taka kara ya karya ba. Muna zaune a falo bayan la'asar, ni da Yayata da jikata da ta fara zama budurwa, ana wani wasan kwaikwayo a talabijin, irin waɗanda ake yi don wayar da kan matasa. An zo daidai inda wata malamar asibiti ta zaunar da wata 'yar makaranta za ta yi mata bayanin yadda ciki ke shiga, sai ɗana, uban yarinyar, ya dawo daga kasuwa. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya wawuri rimot ya mayar da mu tashar ƙwallo, ya dubi 'yarsa ya ce ta je ta kawo masa ruwa. Ruwa kuwa ga shi nan a gabansa, ko taɓa shi ba a yi ba. Na san wannan aiken farin sani. Da shi aka raine mu, kuma na ga abin da ya haifar da idona.

A unguwar Kongo-Rasha ta Jos muka tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya da kullum ake faɗa a kanta. Haƙar kuza ce ta kawo kakanmu Jos daga ƙasar Kano, ya rasu ya bar ubanmu da ƙaninsa, dangi kuwa duk suna can nesa, sai mutuwa ko biki ke haɗa mu. Baba tela ne. Ƙanin nasa, Baffa, bakanike ne a tasha, kuma a gidan yake zaune a ɗakin zaure. Har yanzu in na rufe ido ina jin gidan nan. Kiran sallar asuba, can kuma ƙararrawar coci, ƙarar guga yana bugun bangon rijiya, da ruwan sama mai ƙanƙara a kan kwano wanda in ya sauko sai kowa ya yi shiru don ba mai jin wani. Sanyi kuwa ba a magana. Man shafawa sai an kanga shi a wuta yake narkewa, ruwan alwala kuma yana cizo kamar mai haƙori. A gidan akwai Bahaushe, akwai Bayarabe, akwai mutanen ƙasar, akwai Inyamurai, ana cin na juna da sallah da kirsimeti. Yanzu kowa ya ja nasa ya koma unguwar 'yan'uwansa, yaran yau in ka ba su labari sai su ɗauka tatsuniya kake yi.

Aikinmu ni da Yaya shi ne ɗebo garin katako. Itace na da tsada, don haka da garin da zarto ke zubarwa a kasuwar Katako ake girki. Za mu ɗauki buhu mu tafi, mu durƙusa a ƙarƙashin teburan kafintoci muna kwasa, garin yana shiga hanci da gashi, ƙamshin ɗanyen katako yana bin mu har gida. A gida a sami gwangwani babba, a tsayar da kwalba a tsakiya, a dinga zuba garin ana dannawa da taɓarya har ya kama jikinsa, sannan a zare kwalbar a hankali a cinna wuta a ramin. In hannunki ya yi rawa ya rushe, kin sha ranƙwashi, kuma a sake daga farko. Yaya ta fi kowa iya zare kwalbar nan. Yarinya ce mai sanyin hali, doguwa, ba ta da kwaramniya, ba kamar ni ba da aka ce tun ina goye bakina bai taɓa hutawa ba.

Yaya ita ce 'yar fari, kuma wanda bai zo duniya a lokacin ba ba zai gane nauyin wannan kalmar ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa in ana dukansa, ko kallon kirki ba ta yi masa a gaban mutane. Kara ke nan, kuma da ita ake auna mutuncin mace. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba. Sai dai "waccan", ko "'yar nan", ko kuma ta yi gyaran murya. A garinmu na asali wannan ba ya cutar da kowa, domin 'yar fari ta kaka ce ko ta goggo, su ke ɗaukar ta, su ke zaunar da ita su gaya mata abin da uwa ba za ta iya ba. To mu al'adar ta biyo mu Jos, amma kakar da goggon ba su biyo mu ba. Sai aka bar Yaya a tsakiya, ga uwa a ɗaki ɗaya da ita, amma ba mai yi mata magana.

Ranar da ta fara al'ada, ni aka aika. Inna ta ga alama a zaninta wajen wanki, ta yayyaga wani tsohon zani ta naɗe, ta kira ni, alhali Yaya na tsaye a bakin ƙofa tana jin komai. Ta miƙo mini tsumman tana kallon bango ta ce, "Ki kai wa waccan. Ki ce mata ta girma. Daga yau in ta bari namiji ya taɓa ta, ta ɗauko wa kanta." Na juya na maimaita wa Yaya kamar mai karanta allo, ban san me nake faɗa ba, ita ma da ta karɓa ba ta san me ta karɓa ba. Iyakar karatun ke nan. Manya suna cewa shiru ma magana ce. Gaskiya ne, amma magana ce ga wanda ya riga ya sani, yaro kuwa in ka yi masa shiru sai ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

Talabijin ɗaya ce a duk layinmu, a ɗakin Maman Obi. Mijinta yana da rumfar katako a Katako, ita kuma tana sayar da garin rogo da manja a bakin titi. Akwatin baƙi da fari ne, mai ƙofofin katako da ake zugewa, an ɗora masa ƙyalle mai ado a ka kamar amarya. Ranar da ake wasan kwaikwayon Hausa, tun kafin magariba muke gama aiki. Mata su zauna a kujeru da bakin gado, mu yara a ƙasa, waɗanda ba su sami wuri ba su maƙale a taga. Maman Obi mace ce mai ƙiba, mai dariya da ƙarfi, Hausarta kowa namiji ne a cikinta, kuma abin da ke cikinta shi ke bakinta. Ɗanta Obi ya girmi Yaya kaɗan. A gidan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, yana koyon kafinta a wurin ubansa. Kujerar tsugunno da Inna ke zama a kai wajen tuƙa tuwo shi ya ƙera mata kyauta, kuma Baffa yake kiran Baffanmu kamar yadda muke kiransa.

Sai dai kallon namu da sharaɗi. Da zarar wasa ya karkata wajen saurayi da budurwa, sai ka ji wata daga cikin iyaye ta yi tari. Nan take za a tuna tukunya na kan wuta, ko an bar shanya a waje, ko akuyar wance ta kwance. A kore mu kaf. Mu tsaya a tsakar gida muna rawar sanyi har a ce mu dawo. Maman Obi kullum sai ta yi mita. "Ku bari yara ya gani mana," in ji ta. "Wannan ba wasa ba ne, makaranta ne. Yarinya ya girma, gobe zai shiga duniya." Sai matan su yi dariya su ce Maman Obi ba ta da ta ido, Allah dai ya shirye ta.

Akwai wani wasa da ba zan manta ba. Wata 'yar makaranta ce tana tafiya a rana, wani mutum ya tsaya da kekensa ya ce ta hau ya rage mata hanya. Ta hau, ta riƙe shi ta baya, suna tafe suna dariya. Sai tari ya tashi, aka kore mu. Da aka ce mu dawo, yarinyar nan na durƙushe a bayan ɗaki tana amai, uwarta ta ɗora hannu a ka tana kururuwa wai ciki ne. Da aka kai ta asibiti malamar ta buɗe baki za ta yi bayani, sai aka sake tunawa da wata tukunyar. Abin da muka gani ke nan, keke da amai. Na tuna a hanyar komawa ɗaki Yaya ta ce mini a hankali, "Ashe haka abin yake." Ni kuwa na gyaɗa kai irin na masana.

Ba a daɗe ba, wata ranar damina ina fama da ciwon ido, Yaya ta tafi Katako ita kaɗai. Ta cika buhu ta ɗauko, hadari ya taso, ruwa ya ɓarke da ƙanƙara. Garin katako in ya jiƙe ya tashi daga aiki, nauyinsa kuma sai ya ninka. Obi na dawowa gida a keke ya gan ta, ya ɗaure buhun a gaba, ya ce ta hau baya. Ta ƙi, ya ce ke dai hau kada ƙanƙara ta fasa miki kai. Ta hau. A wani gangare mai duwatsu keken ya yi tsalle, ta cafke shi a ƙugu don kada ta faɗi. Ya sauke ta a ƙofar gida, Inna ma har sa masa albarka ta yi. Daga ranar Yaya ta canza. Ta daina cin abinci sosai, ta daina zuwa kallo, in ta hango Obi sai ta shige ɗaki, shi kuwa bawan Allah har tambayata yake ko ya yi mata wani laifi. Wata ya zagayo ba ta ga al'ada ba. Sannan zazzaɓi ya kama ta, ta ɓoye, ta dinga ɗaure zani tamau a ciki har yana yi mata shaida.

Da hantsi ne abin ya fashe. Yaya na durƙushe a bakin magudana tana amai, sai wata tsohuwa mai koko da ke ɗakin ƙarshe ta tsaya a kanta, ta ƙura mata ido ta ce, "Ke 'yar nan, wannan aman naki ban yarda da shi ba. Ko ɓatan wata kika yi?" Yaya ta ɗago, ta fashe da kuka, ta ce da bakinta, "Iya, ciki ne da ni." Tsohuwa ta saki salati da ƙarfi. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika. Inna na zaune a kujerarta da muciya a hannu, ta daskare. Baba ya fito daga ɗaki, aka gaya masa, bai dubi Yaya ba, don shi ma 'yar farinsa ce. Ya ɗauki hularsa ya leƙa zaure ya ce wa ƙaninsa, "Ga 'yarka nan." Ya fice zuwa shago.

Baffa mutum ne mai zuciya a kusa, irin waɗanda hannunsu ke riga bakinsu. Yana da wani tsohon fambel na mota a rataye a ƙusa, baƙi, mai kauri, wanda ko inuwarsa muka gani sai mun nutsu. Ya fito da shi a hannu. Bai ce me ya faru ba, bai ce yaushe ba, tambaya ɗaya ya yi: "Na wane ne?" Yaya ta ja da baya. Ya zuba mata a gadon baya. Ƙarar ta yi kamar an fasa faranti, rigarta ta tsage, ta faɗi a kan ruwan magudana. Ya sake tambaya, ya sake zubawa. Ta rarrafa wajen Inna, ya jawo ta da ƙafa ya mayar tsakiya. Tun tana ihu har muryarta ta dishe, jini ya fara bin zanen dukan yana jiƙa rigar. Ni ina maƙale a bayan randa ina kururuwa, wata mata ta toshe mini baki. Inna kuwa ba ta motsa ba. Ina kallon hannunta, ta riƙe muciyar nan har jijiyoyi sun fito, hawaye na zuba, amma kanta na ƙasa. In ta tashi za a ce ba ta da kara, ta tsaya wa 'yar fari a gaban ƙanin miji. Na tsani Inna a wannan lokacin, kuma na daɗe ban yafe mata ba.

Da azaba ta kai azaba, Yaya ta ce, "Obi ne."

Baffa ya aika tasha aka kira masa abokan aikinsa biyu. Ba su sha wahalar nema ba, don da azahar Obi ke dawowa cin abinci. Muka ji ƙararrawar kekensa a zaure, ya shigo yana fito, da wasu guntayen falanki ɗaure a baya. Ko sauka bai yi ba suka fizgo shi. "Baffa, lafiya? Me na yi?" Wannan kaɗai ya samu ya faɗa. Naushi ya rufe masa baki, haƙorinsa ya faɗo a kan siminti. Suka tattake shi, suka buga kansa da bangon rijiya, ɗaya ya ɗaga keken ya maka da ƙasa har ƙafar keken ta lanƙwashe. Matan gida suna ta salati, amma ba wadda ta shiga, don kowa a ransa ya riga ya yanke hukunci. Obi ya dafa bakin rijiya da hannun dama zai miƙe, Baffa ya zaro falanki daga cikin waɗanda Obi ya ɗauro a keke, ya ɗaga da hannu biyu ya sauke a kan yatsun. Na ji ƙarar kamar an karya rake. Ihun da yaron nan ya yi har gobe yana kunnena.

Ihun ne ya kai wa uwarsa a bakin titi. Ta shigo da gudu ba ɗankwali, zani na faɗuwa, ta faɗa kan ɗanta ta rufe shi da jikinta, falanki na biyu a kafaɗarta ya sauka. Ta ɗago tana haki ta ce me ya yi. Aka ce ya yi wa yarinya ciki. Ta dubi ɗanta, ya girgiza kai, bakinsa cike da jini. Sai ta sake shi ta rarrafo har inda Yaya ke kwance, ta tallafo fuskarta da hannu biyu.

"Kai, yarinya, duba ni," ta ce. "Obi ya kai ka ɗaki?"

Yaya ta girgiza kai.

"Ya cire maka zani? Ya kwanta da kai?"

Matan gida suka rufe baki suna a'uzubillahi, wata har da juya baya, wai an yi batsa a gaban yara. Yaro na kwance da karyayyen hannu ba su juya baya ba, sai don wannan. Yaya ta buɗe ido da kyar, da alama ma ba ta gane tambayar ba. Ta ce, "A'a."

"To me ya yi maka? Faɗa, kar ka ji tsoro."

"A keke ya ɗauko ni ranar ruwan nan," in ji Yaya. "Na riƙe shi. Kamar yarinyar cikin wasa. Kuma an ce in namiji ya taɓa ni shi ke nan."

Tambayar da za ta hana duk wannan ba ta fi ƙarfin kowa ba, kunya ce kawai ta hana a yi ta, har sai da aka sami wadda ake cewa ba ta da ta ido. Na ga fuskar Baffa ta canza. Ya dubi falankin da ke hannunsa, ya dubi abokansa suna sulalewa ta zaure. Da mai hankali ne da ya durƙusa. Amma wani mutumin in kunya ta kama shi sai ta koma masa fushi. Ya yar da falankin ya yi kan Yaya yana cewa, "Shashasha! Kin sa na illata ɗan mutane a banza!" Ya ɗago ta da wuyan riga, ya kwaɗa mata mari da wannan hannun nasa na ɗaga inji, a kunnen hagu. Ta tafi luu ta faɗi, kanta ya bugu da ƙasa, jini ya biyo ta cikin kunnen.

"Rakiya!"

Sai da na waiga don in ga wa ya yi kiran, domin ban taɓa jin sunan da wannan muryar ba. Inna ce. Muciya na ƙasa, kujera ta kife, ta tsallake tsakar gida ta bangaje Baffa har ya yi taga-taga. Ta zube ta rungume 'yarta tana jijjiga ta tana kiran sunan, a gaban ƙanin miji, a gaban duk gida. Ta ɗago ta dubi Baffa ta ce, "Ka sake ɗaga mata hannu, wallahi sai dai a kwashi gawa biyu." Yaya kuwa ta riga ta suma.

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Malamar ta ce yarinya in ta fara al'ada sabuwa takan yi wata ba ta gani ba, ba wani abu ba ne. Dodon kunnen kuwa ya fashe, kuma bai sake ji ba. Obi aka kai shi wajen mai ɗori, ƙashi ya haɗe amma yatsun suka ƙage, hannun bai sake riƙe zarto ba. Manyan unguwa suka shiga tsakani aka kashe maganar, Baffa ya tattara ya bar garin, bai dawo ba sai a labari. Ba a jima ba su Maman Obi suka tashi zuwa wajen unguwar Gada Biyu. Ina tsaye aka fito da talabijin ɗin aka ɗora a amalanke, da ƙyallenta a ka. Maman Obi ta tsaya a ƙofar ɗakinmu, ba ta yi sallama ba, ta ce wa Inna, "Ka yi magana da yaranka." Inna na zaune a kan kujerar da Obi ya ƙera mata. Bayan na yi aure na haihu na taɓa ganinsa a Katako yana auna ƙusa da hannun hagu, furfura ta fara fito masa. Ya gane ni, na gane shi, ya juya ya ci gaba da aikinsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Inna ba ta sake kiran sunan ba har ta koma ga Allah. Abin da aka gina mutum a kai ba ya rushewa rana ɗaya. Amma da lokacina ya zo ba ta aiko kowa ba. Ta zaunar da ni a tsakar gida da rana tsaka, tana tsintar shinkafa, gumi na keto mata duk da sanyin garin, ta faɗa mini komai dalla-dalla, da sunayen da ban taɓa zaton bakinta zai iya furtawa ba. Na yi mamakin yadda take ɗaga murya kamar mai magana da kurma. Sai daga baya na lura Yaya na zaune kusa tana tankaɗe, kuma Inna ta zaɓi gefen kunnenta na dama ta zauna. A nan na yafe mata.

Yanzu duniya ta juya, amma ban ga ta juya yadda ake faɗa ba. Mu an nuna mana farko da ƙarshe an hana mu tsakiya. Yaran yau kuwa tsakiyar kaɗai waya ke nuna musu a ƙarƙashin bargo, ba farko ba ƙarshe, ba mai cewa ga abin da ke biyo baya. Iyayen sun yi boko, suna kiran 'ya'yan fari da suna har da na gayu, amma a zo kan wannan magana sai ka ga harshe ya maƙale kamar na iyayenmu. Ga wasa an yi shi musamman don a buɗe musu ƙofar zance, su kuma sai su tuna da ruwan sha. Ina son kunya, da ita na tsufa, amma na ga kunyar da ta zubar da jinin yara biyu a tsakar gida ɗaya.

Shi ya sa da ɗana ya canza tashar nan na buɗe baki zan yi magana, sai Yaya ta riga ni. Tun rasuwar mijinta a wurina take, kuma ba ta cika shiga sha'anin gidan ba. Ta ce, "Mayar da shi inda yake." Ya sosa ƙeya ya ce, "Iya, ai yarinya ce, bai kamata ta ji irin wannan ba." Yaya ta juya masa kunnen hagu ta nuna da yatsa ta ce, "Matso ka gaya wa wannan. Shi ma bai kamata ba ce ta kashe shi." Ya san labarin sama-sama. Ya mayar da tashar, ya ajiye rimot ya fita. Ban hana shi ba, kowa da iyakar ƙarfinsa. Na ƙwala wa matarsa kira ta fito daga kicin, na ce ta zauna kusa da 'yarta. Muka kalli wasan har ya ƙare, ba wanda ya yi tari. Da aka gama na ce wa jikar tawa, "To ƙawata, me kika gane?" Ta rufe fuska tana dariya, da kyar ta fara magana. Rabi daidai, rabi kuwa shirmen da ƙawayenta na makaranta suka cusa mata, wai sau ɗaya ba ya zama ciki. Uwar ta zaro ido. Ta kira sunan 'yarta, ta jawo hannunta, suka shige ɗaki suka turo ƙofa, kuma sun daɗe ba su fito ba.

Falon ya rage daga ni sai Yaya. Tana jan carbi, idonta a kan ƙofar da aka rufe. Na san abin da za ta tambaya, domin tun muna 'yan mata take tambayata, kuma duk duniya ni kaɗai na rage da na ji.

"Da gaske Inna ta kira ni?" ta ce.

"Ta kira, Yaya. Duk gida sun ji."

"Ta yaya ta faɗe shi?"

Na tashi da kyar, gwiwoyina na ƙara, na zagaya ta gefen damanta. Na sunkuya daidai kunnen, na aro muryar Inna gwargwadon yadda zan iya, na kira mata sunanta.